Ɗauri Na Uku a Jitar Wanzami

Mijina ya sha gaya mini cewa a garinsu mace ba ta kiran sunan mijinta. To ni ba a garinsu aka haife ni ba, a nan Bahiya, ƙetaren teku, aka haife ni, kuma yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ba zai harare ni ba. Sunansa Ɗanbaba. Wanzami ne, shagonsa yana gangaren Pelurinyo, ni kuma Lantana ina tuyar ƙosai a bakin ƙofar shagon. Shekara talatin da huɗu muka yi tare. In aka tara duk zaman da na ga ya yi wuri ɗaya a shekaru ashirin da uku na farko, ban da na salla, ba na jin zai cika mako guda.

Mutumin nan ba ya zama. Yana yi wa mutum aski ƙafarsa ɗaya tana kaɗawa. In ya kafa wa wani ƙaho a baya, maimakon ya jira jini ya taru, sai ya fita ya leƙa titi, ya dawo ya wasa askar da ya riga ya wasa, ya sake fita. Abinci a tsaye yake ci. 'Yan dako da ke zuwa aski sukan ce masa, "Wanzam, wa ya biyo ka?" Sai ya ce, "Ku dai ku riƙe kunnuwanku, aska ba ta san wasa ba." Kullum kuma akwai wani ɗan kiɗa da yake yi a maƙogwaro, guda ɗaya tak, safe da yamma, har na haddace shi ba da son raina ba.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kama shi a wani ƙauye na ƙasar Zamfara. Daga hannu zuwa hannu har bakin teku, daga nan cikin jirgi. A nan Bahiya ya koyi wanzanci, da ita ya fanshi kansa. Babansa makaɗin garaya ne na maharba, kuma wannan abin da yake yi a maƙogwaro taken babansa ne, wanda tsohon yake fara kaɗawa kafin ya kaɗa na kowa. Taken nan kaɗai ya tsallako teku da shi. Ni ban taɓa ganin garaya ba. Uwata Uwani tana ƙarama aka kawo ta, ta yi bauta a sansanin masu kamun manyan kifaye a Itapuwa. Ta ba ni Hausa, ta ba ni tuyar ƙosai, ta ba ni faɗa, amma kiɗa ba ta zo da shi ba balle ta ba ni.

Abin da na fi tsana a duniya shi ne jirgin Ikko. Bayan 'yan watanni yakan zo ya sauke goro da zannuwa da manja, ya ɗauki taba, ya kuma ɗauki 'yantattun mutanenmu masu son komawa. Duk ranar da ya tsaya, maigidana zai rufe shago ya gangara ƙasan gari ya tsaya yana kallo kamar wanda ya yi saƙo. Ni kuwa ina zan je? Kabarin uwata yana Itapuwa, 'yata Altine da 'ya'yanta suna nan bayan layinmu. Ƙasar da yake gani in ya rufe ido, ni ko a mafarki ban san ta ba.

Shekara talatin bayan faɗan da Musulmi suka yi da sojoji a dandalin gidan wasa, abubuwa biyu suka haɗu suka hana ni sakat. Na farko, amininsa Mahmudu, shi ma wanzami, ya yanke shawarar komawa, ya shiga hure masa kunne. Na biyu, wata safiya yana tsakiyar yi wa wani aski sai kiɗan maƙogwaron ya tsaya. Ya sake ɗaukowa daga farko, ya kai wuri ɗaya, ya tsaya. Ya bar mutum da rabin kai ya fito wurina.

"Uwar Altine, tsakiyar ta ɓace."

"Tsakiyar me?"

"Taken. Ina da kai, ina da wutsiya, tsakiyar ta ɓace." Ya yi ta juya askar a hannu. "Da zan sami tsirkiya, wataƙila kunnena ya tuna. In ban same shi a nan ba, sai in je in nema inda na baro shi."

Na san jirgin Ikko yake nufi. Ni da nake faɗa in ya sayi tabarmar da ba mu buƙata, ni ce na ce masa, "To nemi tsirkiyar mana, wa ya riƙe ka?"

Garaya dai babu a Bahiya. Abin da ke akwai jita ce, wadda mutanen nan ke kira biyola. Ya zaga gari ya samo guda biyu, duk tsofaffi, daga nan muka shiga uku.

Ta farko tana wani shagon tsofaffin kaya kusa da gidan wasa. Wani makaɗi ne ya mutu aka kawo ta. Tsirkiya shida, ciki mai faɗi, kunnuwan ƙarfe waɗanda in ka murɗa sun zauna ke nan, a wuyanta kuma matakai na tagulla a kafe, inda ake danna yatsa. In aka taɓa ta ana ji har ƙarshen titi. Mahmudu ya ce kada ma ya tsaya wani tunani. Wanzaman garin nan suna da ƙungiyar kiɗa da ake ɗauka ranar buki, da wannan jitar za su karɓe shi hannu biyu. "Ko a Ikko ma za ta ci da kai," in ji shi, yana kallona ta wutsiyar ido.

Maigidana ya zauna da ita a shagon, ya taɓa nan, ya taɓa can, ya ajiye. Ya ce, "Bature ya gina matakala ya ce sai inda ya sa ƙafa za ka sa taka. Muryar babana a tsakanin mataki biyu take. Wannan ya yi sama, wannan ya yi ƙasa."

Ta biyu tana Itapuwa, hannun wani tsohon masunci mai suna Bentu. Da aka rufe sansanin da uwata ta yi bauta, aka watsar da kayan gidan, shi ya tsinci wannan ya rataye a ɗaki shekara da shekaru. Ta girmi kowa a cikinmu. Siririya ce mai tsukakken ƙugu, fuskarta ta tsage, ƙwaro ya yi mata 'yan ramuka a gefe, kunnuwanta na itace suna saki da kansu. Tsirkiyoyinta na hanji ne, biyu-biyu, rabi sun tsinke. Murya kuwa sai ka kawo kunne. Amma matakanta ba tagulla ba ne, hanji ne aka ɗaɗɗaure a wuyan, ɗauri-ɗauri, in ka tura da farce sai ya matsa sama ko ƙasa yadda kake so.

Daga Pelurinyo zuwa Itapuwa tafiyar wuni ce a ƙafa. Sau biyu ya je ya dawo hannu rabbana, ƙafa a kumbure. Da safe zai ce ta gidan wasa zai saya, mai rai ake yi wa hidima, wa zai kai kuɗinsa ga abincin ƙwaro. Kafin azahar ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Da la'asar ya tuna cewa hanji ba ya son damshin teku, da safe ka ɗaure da rana ya saki, rabin ranka zai ƙare wurin murɗa kunne. Bayan magariba ya ce to tagullar fa, da ba ta saki kuma ba ta matsawa, me amfanin amon da ya cika titi in ba shi kake nema ba? Yana faɗa yana zagaya kaskona. Har na ce masa, "Maigida, ko ka zauna ko ka fita, kana kore mini masu saye."

Karo na uku na bi shi, na ce zan ziyarci kabarin uwata, amma gaskiya so nake in ga ƙarshen abin. Ya tafi da tsirkiya mai kauri da ya murza da kansa daga hanjin ragon layya, don babbar tsirkiyar jitar ta daɗe da tsinkewa, bai taɓa jin ƙasan muryarta ba. Muka sami Bentu yana ɗinkin koma a gindin kwakwa. Maigidana ya ɗaura tsirkiyar, ya murɗa, ya taɓa.

Wani abu ya amsa daga cikin jitar, zizzz, kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Muryar ta fito a dishe.

Bentu mutumin kirki ne. Ya ajiye koma ya ce shi ba ya cuta, wani ɗan katako ne a ciki ya saki, shi ke kaɗawa, da ya sani da bai sa dattijo wannan doguwar tafiya ba. Ya ce a rage abin da aka ga dama. Na gyara zama zan fara ciniki, don a nan ne nawa aikin yake. Sai na lura da abu guda: ƙafar maigidana ta daina kaɗawa. Ya sake taɓa tsirkiyar, ya sunkuyar da kai. Ya ciro kuɗi ya biya yadda aka faɗa tun farko, ko tayi bai yi ba. Duk hanyar dawowa ina masifa, shi yana rungume da ita a cikin riga. Bai ce mini uffan a kan dishewar ba, kuma wannan shirun nasa ne ya jawo abin da ya biyo baya, ko da yake laifin ba zan ɗora masa duka ba.

Wata huɗu muka yi cikin daɗi. Mutumin da ba ya zama ya sami kujera. In babu mai aski, yana nan a lungun shago, yana tura ɗauri da farce, ya taɓa, ya saurara, ya sake turawa. Tsirkiya biyu kawai yake kaɗawa, sauran ya bar su. Tsakiyar taken ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Jirgin Ikko ya zo ya tafi bai ma sani ba. Mahmudu ya sa ranar tafiyarsa a jirgi na gaba, ya zo ya yi ta magana, maigidana yana ta cewa "to, to" kunnensa yana kan tsirkiya.

Abin da ya dame ni bakin mutane ne. Matan da muke tuya tare suka sa mini waƙa, wai mijin Lantana ya sayi jita mai mura. Masu wucewa su tsaya su ce a ba ta citta. Ni kuma ba na son a raina nawa. Ana nan sai aka aiko daga Kashuwera, can ƙetaren ruwa, wasu Musulmi suna son ya je ya yi wa yaransu kaciya. Ya ɗauki zabira ya tafi na kwana takwas. Na dubi jitar a rataye na ce bari in yi masa abin arziki.

Na kai ta wurin wani tsohon kafinta Bature mai gyaran kayan kiɗa. Ya leƙa ciki da madubi, ya yi tsaki, ya ce wane jahili ne ya hargitsa matakan nan. Kwana huɗu ya yi a kanta. Ya manne katakon da ya saki, ya toshe tsagar, ya ɗauko ma'auni ya mayar da kowane ɗauri inda ya ce nan ne gidansa. Da ya kaɗa mini, murya ta fito tas, zaƙi kamar me. Na rungumo ta ina taƙama, har na bi ta gaban matan don su ji.

Maigidana ya dawo da rana tsaka. Bai ko sha ruwa ba ya sauko da ita. Ya taɓa sau ɗaya. Ya sake taɓawa. Ya juya ta ya girgiza a kunne.

"Ƙudan da ke cikinta fa?"

"Na sa an fitar. Ka ji yadda ta washe?"

Da ya yi faɗa da na fi jin daɗi, don faɗa na iya. Bai yi ba. Ya zauna ya gaya mini abin da ya kamata ya gaya mini tun a Itapuwa. Ya ce a kan garayar babansa akwai ɗan faifan ƙarfe mai ƙananan zobba, ceba ake ce masa, in an kaɗa tsirkiya shi ma ya amsa. Garaya ba ta magana ita kaɗai, sai da wannan dishewar. Shekara arba'in da wani abu bai ji ta ba sai a gindin kwakwar Bentu. "Ba katako na saya ba, uwar Altine," in ji shi. Ya mayar da ita ya rataye. Kafin ya kai ƙofa na ga ƙafar ta fara kaɗawa.

Uwata takan ce garin gyaran gira ake rasa ido. Ranar na san abin da take nufi, na yi kuka a kan kasko ban damu da wanda ke kallo ba.

Da yamma ya dawo daga ƙasan gari ya ce Mahmudu ya samo masa wuri a jirgi, saura kwana tara. Ya ce in zo mu tafi. Na ce ba zan je ba. Ya ce ya sani. Ya shiga rarraba kayan shago, wannan ga wane, wancan ga wane, yana kai yana komo, ko barcin rana ya daina.

Na koma wurin kafinta na ce ya ɓata abin da ya gyara. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya ce danƙon ya riga ya kama, in ya tilasta fuskar za ta dare gida biyu. Na zage shi da Hausa tunda ba ya ji, na fito. A hanya na taɓa ƙuguna. Matan garin nan mukan rataya tarin azurfa a ɗamara, a nawa akwai ƙananan zobba bakwai da uwata ta bar mini. Na yanko gefen gwangwanin mai, na kai wa maƙeri ya huda masa ramuka a baki, ya zura zobban. Na ɗaure shi da zare a kan jitar, can sama da kunnuwa. Ban san ko haka ceba yake ba, abin da na ji a bakinsa kawai na bi. Na mayar na rataye, ban ce komai ba, shi kuma ko kallon wajen ba ya yi.

Ranar tafiya da hantsi, ya ɗaure kayansa, ya tuna buzunsa yana rataye a bayan jitar. Ya ɗaga ta zai ciro, sai ta yi kacau. Ya tsaya. Ya dubi abin da na ɗaure, ya taɓa babbar tsirkiya.

"Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Ni."

"Zobban sun yi yawa. Kuma wa ya gaya miki ana sa azurfa? Azurfa ba ta da baki." Ya zauna a kan ƙullin kayansa. "Miƙo mini aska."

Ya cire biyu. Ya mayar da ɗaya. Ya lanƙwasa gwangwanin, ya miƙar, ya matsar da shi gaba. Sai ya ga matakan da kafinta ya jera, ya yi tsaki, ya shiga tura su da farce. Mahmudu ya hauro da kansa yana haki, ya ce ana loda kaya. Maigidana bai ɗago ba, ya ce, "Je ka, ina bayanka, ɗauri na uku kawai ya rage." Mahmudu ya sake dawowa bayan azahar, ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dube ni ya ce, "Allah ya sada mu da alheri, Lantana." Na ce amin. Daga bakin gangarenmu ana hango ruwa. Da la'asar na ga jirgin ya buɗe filafilai yana fita, ina tsaye har ƙosai kasko guda ya ƙone. A cikin shago ana ta zizzz, a tsaya, a sake.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Altine. Bayan mako biyu na ji ya ce, "Saura ƙiris." Na san mijina: in ya gama abu tashi yake yi, kuma jirgin Ikko bai daina zuwa ba. Da ya fita masallaci, na shiga na sa farce na tura ɗauri na uku, bai fi faɗin ƙwayar gero ba. Ya dawo ya taɓa, ya ɓata rai, ya ce damshin teku ne, ya zauna ya fara nema. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji taken ya kusa haɗuwa, sai in shiga in matsar. Shekara goma sha ɗaya ina yi. Yana zagin damshi, yana zagin hanjin rago, yana zagin kafinta, yana zaune. Na san abin da na hana shi, muryar ubansa ce, kuma ban taɓa yin salla ban nemi gafara a kai ba. Amma ban daina ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ƙafar da ba ta hutawa ta kumbura ta ƙi motsi. Jitar tana gefen shimfiɗarsa, yana ɗan taɓawa in ya sami ƙarfi. Na ce a raina, Lantana, ya isa haka, bar bawan Allah ya ji abinsa sau ɗaya kafin ya tafi. Na ɗauke hannuna. Ina jin taken yana haɗuwa kullum, kai da tsakiya da wutsiya, saura abin da bai kai a faɗa ba.

Wata safiya na kawo masa kunu, ya karɓa ya ajiye.

"Uwar Altine, yau kwana goma ba ki taɓa ɗauri na uku ba. Lafiya?"

Na rasa inda zan sa idona. "Da ma ka sani?"

"Tun makon farko. Mai tuyar ƙosai ba ta iya sata, manja yana bin farcenta."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"In na yi magana ki daina. In kin daina in gama. In na gama kuma..." Ya dubi ƙofa, wajen da ruwa yake, bai ƙarasa ba. Ya turo mini jitar a kan zane. "Matsar da shi."

Na goge hannuna, ko da yake ya riga ya zama aikin banza. Na sa farce na tura. Ya karɓa ya taɓa, ya yi tsaki, ya ce wannan damshin ba zai bar mutum ya huta ba, ya ci gaba da nema.